Zanguna, Rumfuna da Wuraren Hutawar Matafiya a Ƙasar Jibiya

Gabatarwa

Ƙaramar Hukumar Jibiya tana arewa maso yammacin Jihar Katsina, ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar daga arewa, da Jihar Zamfara daga yamma. Faɗin ƙasarta ya kai murabba'in kilomita 1,037, kuma ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutum 169,748. Hakimin Jibiya shi ke riƙe da sarautar Sarkin Arewan Katsina. Daga birnin Katsina zuwa garin Jibiya kimanin kilomita 45 ne, daga nan zuwa Maraɗi kuma kimanin kilomita 50.

Kasancewar wannan yanki a kan hanya ya sa babu ranar da baƙo ba ya ratsa shi: ɗan kasuwa, da direban babbar mota, da makiyayi, da mai zuwa zumunci, da almajiri, da ɗan ci-rani. Kowane ɗayansu yana bukatar inda zai tsaya ya sha ruwa, ya yi salla, ya huta, wani lokaci ma ya kwana. Wannan bayani ya tattaro tarihin irin waɗannan wurare, da ire-irensu, da matsalolin da ke fuskantarsu, da kuma nauyin da ya rataya a wuyan jami'an ƙaramar hukuma da masu sarautun gargajiya da sauran jama'a wajen kula da su.

Yanayin Ƙasa da Abin da Ya Haifar

Ƙasar Jibiya shimfiɗaɗɗiya ce mai yashi, da tuddai da falalen duwatsu nan da can, waɗanda ke ƙara yawa idan aka nufi kudu wajen Batsari da Kurfi. Waɗannan duwatsu tsofaffi ne ƙwarai, kuma ba sa cikin jinsin duwatsu masu aman wuta. Irin waɗancan ana samun su ne a tsaunukan Filato wajen Panyam da Kerang, da tsaunin Biu a Jihar Borno inda Tafkin Tila yake a bakin wani mataccen dutse, sai kuma duwatsun Azbin a arewacin Nijar. Daga cikin ukun nan, Azbin ce ke da tsohuwar alaƙa da ƙasar Katsina, domin daga can ne ayarin gishiri ke gangarowa kowace shekara.

Babban ruwan yankin shi ne Gulbin Gada, wanda ke ratsa Jibiya ya shiga Nijar, inda ake kiransa Gulbin Maraɗi, sa'annan ya sake karkatowa Nijeriya ya haɗu da Gulbin Rima. A kansa ne aka gina Madatsar Ruwa ta Jibiya a ƙarshen shekarun 1980, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, domin noman rani da ruwan sha.

Damina a nan gajera ce, galibi daga watan Yuni zuwa Satumba. Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu ke kaɗawa da ƙura da sanyin dare, daga Maris zuwa Mayu kuma zafin bazara kan haura digiri 40 da rana. Saboda haka bukatar matafiyi tana sauyawa da lokaci. Da bazara inuwa da ruwa yake nema. Da hunturu yana bukatar katanga ko zana da za ta tare masa iska da dare. Da damina kuwa yana bukatar rufi da tudu, nesa da hanyar ruwa.

Ma'anar Zango da Tsarin Ayari

Kalmar zango tana da ma'ana biyu a Hausa. Ta farko ita ce wurin da ayari ke sauke kaya ya kwana. Ta biyu ita ce tsawon tafiyar da ke tsakanin masauki ɗaya da na gabansa, shi ya sa ake cewa an ci zango ɗaya ko biyu. Ayarin jakuna da takarkarai ba ya wuce kimanin kilomita 20 zuwa 25 a yini, don haka tafiyar Katsina zuwa Maraɗi da mota ke yi a ƙasa da sa'a biyu, a wancan zamani takan ci kwana huɗu ko kusa da haka.

Ayari yana da shugabanni. Madugu shi ne uban tafiya, shi ke yanke shawarar inda za a sauka da lokacin da za a tashi, shi ke ganawa da sarakunan garuruwa ya biya kuɗin fito a madadin fatake. Jagaba yana gaba, yana duba hanya da wurin sauka. Kafin madugu ya yarda da wuri a matsayin zango, yakan duba abubuwa huɗu: ruwa na mutane da na dabbobi, ciyawa ko harawa, itacen girki, da kusanci da gari mai ganuwa ko kafi inda za a fake idan mahara suka auko.

Galibi zango yana bayan ganuwa ne, kusa da ƙofa ko kasuwa. Fatake kan kafa bukkoki na kara da ciyawa, su tara kayansu a tsakiya, su ɗaure dabbobi kewaye. Matan gari kan kawo fura da tuwo da ƙosai su sayar. Babban falke kuwa yakan shiga gari ya sauka gidan fatoma, wato mai masaukin baƙi, wanda ke ba shi ɗaki da wurin ajiyar kaya, ya haɗa shi da dillalai, ya kuma tsaya masa idan rigima ta taso.

Da yawa daga cikin zangunan nan sun zama unguwanni da garuruwa. A Jihar Katsina akwai Ƙaramar Hukumar Zango a ƙasar Daura. A Damagaram, unguwar Zango tana gefen Birni har yau. A kudancin Kaduna akwai Zangon Katab. A ƙasashen Gana da Togo da Binin, unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara da Lome da Kwatano duk ana kiransu Zango, domin a nan fataken goro da zuriyarsu suka zauna.

Daga Duwatsun Azbin zuwa Katsina

Azbin yanki ne na duwatsu a arewacin Agadas, inda ake samun tsofaffin tsaunuka tare da matattun duwatsu masu aman wuta da baƙaƙen duwatsun da suka fito daga cikinsu. A nan ne dutse mafi tsawo a Nijar yake, a kan tsaunin Bagzan, mai tsawon mita 2,022. A tsakanin duwatsun akwai kwaruruka masu dabino da lambuna kamar Timiya da Iferwan, da maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Tafadek, da kuma ramukan dutse da ke riƙe ruwan sama na tsawon watanni. Waɗannan su ne zangunan matafiya a can. A shekarar 1991 Hukumar UNESCO ta sanya yankin Azbin da Tenere cikin wuraren tarihi na duniya, a 2013 kuma ta ƙara da tsohon birnin Agadas.

Da kaka, Buzaye kan haɗa raƙuma su ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Balma, su kai gero su ɗauko gishiri da dabino. Bayan sun dawo Azbin sun huta, sai su gangaro kudu ta Damargu zuwa ƙasar Hausa, su sayar da kantun gishiri, su sayi hatsi da tufafi, raƙumansu kuma su yi kiwo a gonakin da aka girbe suna barin taki. A tsakiyar Tenere akwai wata itaciya tilo kusa da rijiya, wadda ayari ke sauka a gindinta tsawon zamani. Wata mota ta buge ta a 1973, aka ɗauke gangar jikinta zuwa gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta.

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya biyo irin wannan ayari daga Azbin a ƙarshen 1850, ya bi ta Tasawa da Gazawa, ya iso Katsina a watan Janairun 1851. A lokacin dajin da ke tsakanin Gazawa da Katsina wuri ne mai hatsari. Dalili kuwa shi ne, bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, sarakunan Haɓe na Katsina sun koma arewa sun kafa Maraɗi, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri, aka shafe yawancin ƙarni na 19 ana kai wa juna hari. Ƙasar da Jibiya take a yau tana cikin wannan fage na tsakiya. A irin wannan yanayi, ayari ba ya sauka sai a gari mai kafi, kuma fatake kan jira juna su taru da yawa kafin su ratsa daji. Haka nan a yamma, dajin Gundumi da ke kan hanyar Sakkwato ya yi suna wajen rashin ruwa da mahara, kamar yadda Hugh Clapperton ya tarar lokacin da ya ratsa shi a 1824.

Alamar wannan tsohuwar hulɗa tana nan a sunayen wurare. A cikin Ƙaramar Hukumar Jibiya akwai garin Bugaje, kuma Bugaje ɗaya ne daga cikin sunayen da Hausawa ke kiran Buzaye da shi.

Zuwan Iyaka, Bariki da Mota

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Yarjeniyoyin da suka ƙulla da Faransa a 1904 da 1906 su ne suka tsayar da iyaka a inda take, kuma tsakanin 1906 da 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ta bi ta kafa turaku daga Kogin Kwara zuwa Tafkin Chadi. Da haka Katsina ta faɗa hannun Ingila, Maraɗi ta faɗa hannun Faransa, alhali jama'ar ɗaya ce, harshe ɗaya, auratayya ɗaya.

Mulkin Turawa ya kawo sabon nau'in masauki, wato bariki ko gidan baƙi, wanda En'e ke ginawa a hedikwatar gundumomi domin jami'an da ke rangadi. Hakimi ne ke kula da gyaransa, da samar da ruwa da itace. Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da Ƙauran Namoda a 1929 ta juya akalar ciniki. Gyaɗar Maraɗi da kewaye ta riƙa gangarowa kudu zuwa tashoshin jirgi, da farko a kan raƙuma da jakuna, daga baya a manyan motoci. Sannu a hankali tasha ta maye gurbin zango, ɗan kamasho ya ɗauki wani ɓangare na aikin fatoma, direba ya zama madugun zamani.

Ire-iren Wuraren Hutawa a Yau

Na farko shi ne gindin itace. Tsamiya da ceɗiya da durumi da darbejiya su ne suka fi ba da inuwa mai kauri. Gawo kuma yana da wata baiwa, domin da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore, daidai lokacin da mutum da dabba suka fi bukatar inuwa. Kusan kowane ƙauye na bakin hanya yana da itaciyar da aka san ta a matsayin wurin jiran mota.

Na biyu ita ce rumfa, ta kara ko ta zana ko ta kwano. Wasu rumfunan na masu shayi da masu abinci ne, wasu na 'yan acaɓa, wasu kuma wani bawan Allah ne ya kafa don neman lada. A gefen irin wannan rumfa ake ajiye randa da moɗa, a cika ta da ruwa kowace safiya domin mai wucewa ya sha kyauta. Wannan tsohuwar al'ada ce ta sadaka mai gudana.

Na uku shi ne masallacin bakin hanya. Yana ba matafiyi ruwan alwala, da inuwa, da tabarma, kuma baƙon da dare ya yi masa yakan nemi izinin liman ko ladan ya kwana a harabarsa.

Na huɗu shi ne zaure. A al'adar ƙasar Hausa, baƙon da bai san kowa ba yakan nufi gidan mai unguwa ko dagaci, a sauke shi a zaure, a kawo masa ruwa da abinci. Hausawa na cewa baƙonka Annabinka. Wannan tsari yana da amfani biyu: baƙo ya sami mafaka, shugaban gari kuma ya san wanda ya kwana a ƙasarsa.

Na biyar ita ce tashar mota da wuraren tsayawar manyan motoci, musamman a Magama inda ofisoshin Hukumar Kwastan da Hukumar Shige da Fice suke. Direba kan yi sa'o'i, wani lokaci kwanaki, yana jiran a kammala duba takardun kayansa, don haka masu abinci da masu faci da makanikai da 'yan canjin naira da sefa suka taru a wurin.

Na shida shi ne masaukin makiyaya: burtali, da mashaya, da filin da garke ke kwana. Makiyaya na gangarowa daga Nijar da rani su koma arewa da faɗuwar damina, kuma idan aka toshe musu wurin sauka, dabbobi kan faɗa gonaki, rigima ta tashi.

Manyan Hanyoyi da Matsayansu

Babbar hanya ita ce wadda ta taso daga Katsina ta bi ta Daddara zuwa Magama da Jibiya. Bayan an ƙetare iyaka, gari na farko mai ofisoshin hukuma a ɓangaren Nijar shi ne Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Garin Madarumfa da tafkinsa suna wannan yanki, kuma tafkin babbar mashaya ce ga dabbobi da rani. Hanya ta biyu ta nufi yamma daga Jibiya ta Gurbin Ɓaure zuwa Zurmi da Ƙauran Namoda a Jihar Zamfara. Ta uku ta nufi kudu zuwa Batsari, a gefen dajin Rugu.

Kasuwar Jibiya tana ci ranar Lahadi, kuma tana cikin manyan kasuwannin hatsi da dabbobi na kan iyaka. Tun daga yammacin Asabar baƙi ke fara isowa, don haka daren Asabar ne bukatar masauki ta fi tsanani a garin.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin gina layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Tashar jirgi takan jawo masu abinci da masu masauki da 'yan dako, saboda haka ya dace ƙaramar hukuma ta tanadi fili da tsari tun kafin jama'a su mamaye wurin ba bisa ƙa'ida ba.

Matsalolin da Ake Fuskanta

Ambaliya. A tsakiyar watan Yulin 2018 ruwan sama mai ƙarfi ya haddasa ambaliya cikin dare a garin Jibiya, inda fiye da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe. Maraɗi ma ta taɓa ganin irin wannan a 1945, lokacin da gulbi ya cinye tsohon garin da ke cikin kwari, aka mayar da shi kan tudu. Darasin a fili yake: busasshen rafi da rani hanyar ruwa ce da damina. Ruwan da aka yi a nesa yana iya isowa cikin dare alhali ko ɗigo bai sauka a inda mutum yake kwance ba.

Rashin tsaro. Hare-haren 'yan bindiga da satar mutane sun addabi yankin tsawon shekaru, har ta kai a ƙarshen watan Agustan 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta ba da umarnin rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure ga masu motoci, a cikin matakan da ta ɗauka a lokacin. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu suka yi gudun hijira zuwa garin Jibiya da Katsina da ƙasar Maraɗi, aka sauke wasu a makarantu, wasu a gidajen 'yan'uwa. A shekarar 2025 shugabannin al'umma a Jibiya sun shiga sulhu da wasu daga cikin masu ɗauke da makamai. Wannan fitina ta taɓa al'adar karɓar baƙo, domin tsoron masu kai wa ɓarayi rahoto ya sa mutane da yawa suna ɗari-ɗari da fuskar da ba su sani ba.

Rufe iyaka. Gwamnatin Tarayya ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, kuma ba a buɗe ta Jibiya ba sai a watan Afrilun 2022. An sake rufe ta a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin da aka yi a Nijar ranar 26 ga Yuli, aka buɗe a watan Maris na 2024. A duk lokacin da haka ta faru, motoci kan yi jerin gwano, direbobi da yaransu su kwana a ƙarƙashin mota babu ruwa babu makewayi, kayan gwari su ruɓe, masu abinci da masu masauki kuma su rasa ciniki idan zirga-zirga ta tsaya cik. Wasu matafiya kan koma bin hanyoyin daji, inda babu rumfa, babu rijiya, babu mai kai ɗauki.

Cinye filaye da sare itatuwa. Yawan jama'a da tsadar fili sun sa ana shigar da burtali da tsofaffin wuraren sauka cikin gonaki, ko a yanka su fuloti. Itatuwan bakin hanya kuma ana sare su don itacen girki da gawayi. Tsamiyar da ta shekara hamsin tana ba da inuwa ana iya kayar da ita a yini ɗaya.

Ƙazanta. Wurin da jama'a ke taruwa babu makewayi da tsabtataccen ruwa yakan zama hanyar yaɗuwar amai da gudawa, musamman da damina. Ɗakin kwana mai cunkoso marar taga kuma yana taimaka wa yaɗuwar sanƙarau da bazara.

Abin Koyi daga Wasu Wurare

A ƙasashen da mutane ke hawan duwatsu masu aman wuta don yawon buɗe ido, hukumomi kan gina ɗakunan kwana a kan hanya. A Dutsen Kamaru, mai tsawon fiye da mita 4,000, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000, akwai bukkoki uku a jere a kan hanyar da ta tashi daga garin Buea. A Dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya akwai masaukan Mandara da Horombo da Kibo, kowanne tafiyar yini guda daga na bayansa. Ana rubuta sunan duk wanda ya sauka, akwai mai gadi, akwai makewayi, kuma kuɗin da baƙi ke biya yana shiga asusun hukumar da ke kula da wurin. Wannan tsari bai bambanta da hikimar madugu ba, wato a auna tazara daidai ƙarfin matafiyi, a tabbatar da ruwa, a san wanda ya sauka da wanda ya tashi. Abin da ya ƙaru kawai shi ne rubutu da asusun gyara.

Nauyin da Ke Kan Hukuma da Shugabanni

Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi alhakin kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota da makewayin jama'a. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta ba su ikon bayar da izinin mallakar filaye a karkara, har da na kiwo. A matakin ƙasa da ƙasa, akwai Hukumar Haɗin Gwiwa ta Nijeriya da Nijar da aka kafa a 1971, kuma a 2017 Jihar Katsina da Jihar Maraɗi sun sanya hannu kan yarjejeniya game da zirga-zirgar makiyaya a tsakaninsu. Bisa wannan, ana jawo hankalin kansiloli da hakimai da dagatai da masu unguwanni ga abubuwa kamar haka:

1. A ƙidaya duk wuraren sauka, da rijiyoyi, da mashaya, da burtalin da ke kowace gunduma, a rubuta su a littafi, a kafa musu alama, domin abin da ba a rubuta ba shi ake fara cinyewa.

2. Kada a yarda a kafa rumfa ko ɗakin kwana a cikin rafi, ko a gindin gada, ko a ƙasan madatsar ruwa. A nemi tudu, a tambayi dattawa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa.

3. A janye rumfa daga bakin kwalta sosai, kuma a guji kafa ta a kan kwana ko gangare, inda mota ke iya ƙwacewa.

4. A juya bayan rumfa ga gabas da arewa maso gabas, domin daga gabas hadari ke tasowa da damina, daga arewa maso gabas kuma iskar hunturu ke busowa. Rufin kwano yana bukatar tsawo ko a shimfiɗa masa zana a ƙasa saboda zafi.

5. A haƙa makewayi na maza daban na mata daban, a nesa da rijiya da aƙalla mita 30, kuma a ɓangaren gangare.

6. A keɓe wa mata da ƙananan yara wurin zama mai sutura a kowace tasha.

7. A dasa itatuwan inuwa a farkon damina, a kewaye su da ƙaya, a damƙa wa wani mutum takamaimai alhakin ba su ruwa a ranin farko da na biyu.

8. A ci gaba da sauke baƙo ta hannun mai unguwa, a rubuta sunansa da inda ya fito da inda ya nufa. Wannan yana kare gari, yana kuma kare baƙon kirki daga zargi.

9. A haɗa kai da ƙungiyar direbobi da shugabannin kasuwa da na makiyaya wajen ware wani kaso na kuɗin shiga domin gyara da shara.

Shawara ga Matafiya

Ana shawartar matafiyi ya tsara tafiyarsa yadda zai isa masauki kafin faɗuwar rana, ya kuma tambayi halin da hanya take ciki daga shugabannin tasha ko jami'an tsaro kafin ya tashi. Ya riƙe ruwan sha, da takardar shaidar ɗan ƙasa ko ta tafiya, ya bi ta ƙofar hukuma idan zai ƙetare iyaka. Direban da barci ya fara ɗauka ya tsaya a gari ya huta, domin sannu ba ta hana zuwa. Idan an ga rafi ya kawo, a jira ya janye, kada a gwada shi da mota ko babur ko ƙafa. Wanda ya sha daga randar bakin hanya ya rufe ta, ya mayar da moɗa inda ya same ta. Makiyayi kuma ya sanar da mai gari kafin ya sauke garkensa.

Kammalawa

Daga rijiyoyin Azbin zuwa tashar Magama, bukatar matafiyi ba ta sauya ba: ruwa, da inuwa, da aminci. Magabata sun biya wannan bukata da zango da zaure da randar sadaka, ba tare da kasafin kuɗi ba. Yanzu da jama'a ta ƙaru, filaye suka yi tsada, hanya kuma ta ƙara hatsari, aikin yana bukatar rubutaccen tsari da wanda za a tambaya idan ya lalace. Duk mai ƙorafi ko shawara game da tasha, ko rumfar kasuwa, ko burtali, ko rijiyar bakin hanya, yana iya miƙa ta ga mai unguwarsa ko kansilan mazaɓarsa, domin a isar da ita ga sashen ayyuka ko sashen gona na ƙaramar hukuma.